Tabon da ke Damtsena

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan haki idan na hau bene.

Ka ji aikin shugabanmu na gidan wanki. Wai ya karanta a waya cewa allurar tarin fuka da aka yi mana muna jarirai tana hana korona kwantar da mutum. Sai ya jera mu kamar awaki, kowa ya naɗe hannun riga. Duk mai tabo a damtse, shi zai riƙa wanke zannuwan masu cutar da ake kawowa daga asibiti, ko takunkumi babu. Mutumin da ko injin wanki bai iya kunnawa ba, yau shi ne likita!

Mu masu tabon duk mun kwanta. Abokin ɗakina har yanzu robar iska ce a hancinsa. Kar Inna ta ji, ta dai sa ni a addu'a.

Jiya gwanin shugaban namu ya zo asibiti, ya leƙo ta bayan gilashi, takunkumi biyu a fuska, yana ba da umarni. Na hango damtsensa, Yaya. Tabonsa ya fi nawa girma.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka.