Keken da babu kowa a kai

Talata, da dare

Malamar nan ta Samaru mai rubuta littattafan yara ta kawo wa ƙanwata Rifkatu ɗaya har gida. Wai labarin wata yarinya ce mai keken guragu irin nata. Da Turanci ne, sai na bi hotuna. A shafin ƙarshe ga keken a gindin mangwaro, babu kowa a kai.

Na ce, "Malama, ina yarinyar?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ai sai ka karanta."

Murmushin bai kwanta mini ba. In warkewa ta yi, ƙarya za a dasa wa Rifkatu a rai. In mutuwa ce, ta fi muni. Na ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, ba za ta gani ba sai na samu mai karanta mini tukuna.