Kamiyon da ke Gindin Tsamiya

Gaya, farkon bazara

Zuwa ga ɗana Sa'idu, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Yaya aikin buro? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar uwarka Hajo da ke taɓa ta.

Takardarka ta iso. Malam Amadu na bakin kasuwa ya karanta mini, shi ne kuma ke rubuta wannan, na ce ya sa maganata yadda ta fito, kada ya shafa mata mai. Ka ce ka gyara mini ɗaki, in tattara in taho in huta. Na gode. Ba ni zuwa. Wa ya ce maka na gaji?

Gaskiya ne, tun da Nasara sunka gama gadarsu zuwa Malanbil ba mai neman jirgi. Mutanen da na tsufa ina ƙetarar da su da goronsu da jakunansu, yanzu da ƙafa suke bi ta sama. Nasaran nan su ne sunka tsare ni da jirgina zamanin aikin dole, ina yi musu jigilar duwatsu ba ko sannu. Su ne sunka kama ka kana ƙarami sunka kai lakkwal, makarantarsu ta boko, ina ji ina gani. Yau sun ɗauke mini gulbi, kai kuma kana so ka ɗauke ni daga Gaya, in zauna ƙofar gidanka ina korar ƙudaje, ina jiran matarka ta miƙo mini tuwo.

To, ka saurara. Akwai wani tsohon kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, a gindin tsamiya, bayan gidan Alassan mai sayen gyaɗa. Ya daɗe bai motsa ba, har kaji na ƙwai a cikinsa. Alassan ya ce zai bar mini shi a bakin sa guda, kuma ina da sa a wurin Fulani. In mutane sun koma bin gada, sai in ɗauke su a kan gadar su biya ni kamar da. Gobe zan kai Halidu makanisiye, mai gyaran mota, wanda ya yi garaj a Faraku, ya duba mini.

Ba shawara nake nema ba. Na faɗa maka ne don kada ka ji a bakin ƴan tasha.

Ka shafa mini kan yara. Wassalam.
Mahaifinka, Labo mai jirgi

Gaya, tsakiyar bazara

Ɗana Sa'idu,

Ina gaishe ka, ina gaida gidanka. Allah ya sa tarin ƙaramar ya sauka.

Amsarka ta zo da zafinta, har Malam Amadu na tsallake wasu wurare, na sa shi ya koma ya karanta duka. Ka ce mushen ƙarfe ne, ka ce za a yi mini dariya. An riga an fara. Tsofaffin abokan tuƙina, da ke zaune bakin gulbi ba aikin fari sai sosa ƙafa, da sun hango ni sai su ce ga shofer Labo, a ba shi hanya kada ya take mu. Na ce musu in ya tashi, su kuɗin biyu za su biya. Uwarka ma bayanka take, ta ce tsufana ya zo da gardama. Na ce ai da gardamar tawa ta aure ni.

Ga abin da Halidu ya gani. Ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa, ya ɗanɗani baƙin man da yatsa. Ya ce moter, wato injin, bai mutu ba, suma ya yi, ƙashin bayan kuma lafiya lau. Ƙafa biyu sun fashe, ana samun na hannu a Malanbil. Ya yarda ya gyara, ya tuƙa, mu raba abin da Allah ya kawo. Amma bai yi mini rantsuwa cewa zai tashi ba, kuma na ji daɗin haka, don da ya rantse da na san ƙarya yake.

Inda matsalar take, jikin. Duk katakon da ake zuba kaya gara ta cinye, na taɓa da yatsa ya zube kamar garin rogo. Na tambayi sabon katako, kuɗinsa ya fi na kamiyon. Ashe arahar ke nan. Alassan ya san abin da yake yi.

Sa'idu, abin da zan faɗa maka ban faɗa wa uwarka ba. Na auna bayan kamiyon da kamu, na gangara gulbi na auna jirgina. Ya yi, har da saura. Maɗaci ne, da hannuna na tare wa kakanka allunan yana ɗinkewa, kuma gara ba ta son ɗacinsa. Amma in na farke shi kamiyo ya ƙi tashi, ba ni ga ruwa, ba ni ga tudu, ga sa ya tafi. Sai dai ɗakin nan naka. Na zauna cikin jirgin har la'asar, na kasa yanke shawara. A ciki ka koyi tsayuwa, kana riƙe da gefensa.

Alassan ya ba ni zuwa ranar kasuwa. Wani maƙeri daga Kamba na son ƙarafan, ya sassare su ya yi fartanya.

Kada ka ɗauka na sauko. Ina tunani ne.

Mahaifinka, Labo

Gaya, bayan ruwan farko

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Mun samu ruwa, an fara shuka.

Na saya.

Ranar kasuwar na sauka bakin gulbi tun hantsi, na ce wa raina ko mutum ɗaya ya shiga jirgin nan, na haƙura da kamiyo. Har azahar ba kowa. Sai ga Ajuma mai manja, wadda tun tana amarya ni ke ƙetarar da ita, tulu a ka, a kan gada. Ta leƙo ta ɗago mini hannu, ta ce sannu da hutawa Baba Labo. Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa abin ya soke ni. Na tashi na tafi wurin Alassan na ce a je wurin Fulani a kawo masa sa.

Munka jawo jirgi tudu. Ban bar kowa ya sa masa gizago ba, ni na yanke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Masu kirana shofer ranar ba wanda ya yi tari, biyu ma sunka tashi sunka kama mini alluna. Uwarka ta yi kukanta ta gama, ta ce tunda na kashe shi kada in bar ko tsinke a ƙasa, ta kwashe guntayen ta kai ɗaki. Yanzu allunan sun hau, kamiyo ya samu jiki. In rana ta buga shi, warin gulbi yake.

Moter kuwa, jiya Halidu ya juya shi har gumi ya jiƙa masa wando. Ya yi tari, ya yi aman hayaƙi, ya ɗauka. Kaji sunka watse. Kafin in gama hamdala wata igiyar roba da ke juya fankarsa ta tsinke, Halidu ya kashe shi. Ya ce sunanta kuruwa, babu ita a Gaya, babu a Malanbil, sai garaj na Yamai.

Ban iya lambobinku ba. Ga zare nan cikin takarda, na auna shi da tsohuwar, tsawonta ke nan daga ƙulli zuwa ƙulli. Ka je da kanka, kada ka aiki masinja. Ka ba direban Doso ya kawo mini. Ita kaɗai za ka aiko, nasihar ka riƙe ta, Halidu ya ce babu inda za a ɗaura ta a jikin moter.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka, Labo mai kamiyo