Asabar Zan Kaɗa Jita a Gagarawa

Daren Alhamis, Gumel

Barci ya ƙi zuwa! Wata bakwai ke nan ina zuwa Maigatari koyon jita wajen Malam Ilu, kullum maganarsa ɗaya ce: "Sake, Sabi'u, hannunka yana gaggawa." Yau na kaɗa waƙa tun daga farko har ƙarshe, yatsana bai zame ba. Sai Malam ya ce, "Jibi muna da biki a Gagarawa, abokin kiɗana ba shi da lafiya. Kai za ka raka ni."

Na ce, "Malam, in na ɓata fa?"

Ya ce, "Ka yi murmushi ka ci gaba. Haka mu ma muke yi."

Yatsuna zogi suke, amma har na yi wa farar shaddata guga.