Ƙafafun Alhudahuda

Iskandariya, 4 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Nagwa,

Assalamu alaikum. Ya mahaifiyarki da ciwon gwiwa? Ya 'yan makaranta?

Hoton alhudahudan nan ya iso. Shekara shida kina aiko min da hotunan tsuntsaye kamar an ɗauke su ta cikin gilashin shayi, ina mayar miki. Wannan kam na ɗora masa madubin dubawa, na ƙirga gashin tukkunsa ɗaya bayan ɗaya. Idon ya fito tar, babu rawar hannu ko kaɗan. Na kai shi baje kolin ƙarshen wata na ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto, na rubuta a ƙasa: ɗalibar Fikri Abdul-Gawad. Kada kanki ya kumbura, reshen ya karkace.

Kawunki, Fikri

Baltim, 9 ga Oktoba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Mama tana gaishe ka, ta ce kifin gishirinka yana nan tafe.

Don Allah ka cire hoton nan. Ka sa na zalɓen da na aiko bara, ko kada ka sa komai. Kada ka tambaye ni dalili.

Na gaishe ka da girmamawa, Nagwa

Iskandariya, 13 ga Oktoba

Nagwa,

Bayan gaisuwa. Zalɓen bara? Wanda bakinsa ya zama biyu saboda hannunki na rawa? Ke dai kin gaji mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ana yabonsa yana neman ƙofar gudu. An riga an buga shi babba, an sa shi a firam na katako. Hoto yana nan.

Ki huta lafiya, Fikri

Baltim, 18 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa. Tunda ka ƙi, to ka ji.

Alhudahudan nan ban same shi a daji ba. Baba Shahata, mai kafa raga a bakin teku lokacin wucewar tsuntsaye, shi ya ciro min shi da rai. Da na ce masa na hoto ne, ya yi dariya ya ce, "Malama, wannan ba ya tsayawa ko don uwarsa. Ki sa shi a firij minti goma, zai zauna miki kamar ango."

Na sa shi a leda, Kawu, na ajiye a firij kusa da kwanon wake. Minti goma bai isa ba, yana ta bugun leda, sai na ƙara. Da na ɗora shi a reshen lemun tsakar gidanmu bai motsa ba. Na ɗauki hoto arba'in. Ina ɗauka ina jin muryarka a kunnena: ido, Nagwa, ki nemi ido.

Daga nan na sa shi a rana don ya farfaɗo. Ya buɗe baki sau biyu, shi ke nan. Mama ta leƙo daga taga ta ce, "Me kika yi wa bawan Allah?" Na haƙa rami da cokalin miya.

Ka duba ƙafafunsa da madubin nan naka. Yatsun ba su riƙe reshen ba, a dunƙule suke. Ni na jingina shi.

Ba na cewa laifinka ne. Amma shekara shida ina tashi da asuba, ina tsayawa cikin taɓo har gwiwa, ba ka taɓa tambayata wane tsuntsu na gani ba. Tun ranar kyamarar tana cikin akwati. Ranar Talata zan koyar da 'yan aji huɗu darasin tsuntsaye, ban san da wane baki ba.

Ka cire shi, ka faɗa musu gaskiya. Na yarda sunana ya ɓaci.

Allah ya ƙara maka lafiya, 'yarka Nagwa

Iskandariya, 1 ga Nuwamba

'Yata,

Salamu alaiki. Shekara arba'in ina wannan aiki. Tun ranar da hoton ya iso na ga ƙafafun.

Ban cire shi ba. Jiya ya zo na ɗaya, mutane suka yi layi suna ba ni hannu, na karɓa.

Kada ki zo Iskandariya yanzu. Ba zan iya kallonki ba.

Ki gaida mahaifiyarki, Fikri