Gwadon Kawu Bawa

Bani Malik, Jidda,
20 ga Rabi'ul Awwal, 1378.

Zuwa ga yayana Usuman, a Mai Wurno, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da iyalinka duka. Allah ya sassauta wa Inna ciwon gwiwar nan, ya sa dawarku ta bana ta cika rumbu. Mu nan mun gode Allah. Matata Dela ta yi nauyi, cikinta wata bakwai, ba ta da aiki sai kwaɗayin kunun tsamiya. Muna zaune a ɗakin baya na gidan Alhaji Abdulghani, Bahaushe haifaffen Jidda, mutumin kirki, amma Hausarsa rabinta Larabci ce, wani lokaci sai na gyaɗa kai kawai don kada in ba shi kunya. Aikina ɗinkin tsofaffin buhunan da ake kawo masa daga tashar jiragen ruwa, a tsakar gida, daga safe har la'asar. Ba ni da iƙama, takardar zaman ƙasar nan, don haka ko bakin titi ba na kaiwa. Ni Haladu, wanda kuke cewa ƙafarsa ba ta san zama ba, yau wata huɗu ke nan duniyata ba ta wuce taku goma sha biyu ba.

Takardarka ta iso ta hannun Malam Salihu, tare da ƙullin daddawar da Inna ta aiko wa ƙanenta Kawu Bawa. Ka ce ta sayar da awakinta, ta rantse da zarar an yanke dawa za ta taso ta bi hanyar da muka bi, ta sauke farali, ta ga ɗan'uwanta, tunda ni da kaina na rubuto cewa hanyar ba wuya. Ka ce in aiko maka da sunan jagoran da ya kawo mu. Yaya, ba zan aiko ba. Ka nemi wurin da babu kowa ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, domin abin da na rubuto muku a takardu biyun baya ba gaskiya ba ne. Ka san halina, tun muna yara ban taɓa dawowa daga tafiya na ce na sha wuya ba.

Jirgin katakon da ya haye da mu Bahar Maliya bai kawo mu kusa da Jidda ba. Can kudu ya zubar da mu, a wata gaɓar da babu komai sai bukkokin masunta, mu goma sha ɗaya. Jagora ya ce hanyar bakin teku cike take da askarawa, marasa takarda sai dai su hau dutse su bi ta sama har Ɗa'ifa, kusa da Makka, kuma kowa ya rage kaya. Zafin wurin nan, Yaya, har numfashi yana ƙuna. Ni ke ɗauke da kayan Kawu, a ciki kuwa akwai gwadonsa, mai kaurin nan da kakanmu ya taho da shi daga ƙasar Hausa. Na ce a bar shi, ya ce a'a. Sai na shiga yi masa tsiya irin wadda muka saba, na ce tsoho zai kai wa ƙasar Makka bargo, a yi mana dariya har tashin ƙiyama, wa ya taɓa jin alhajin da ya dawo yana labarin sanyi? Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Ya shafa gwadon, ya ce to, a ba mabukaci. Da hannuna na miƙa wa wani masunci, sauran mutane ma suka yi koyi da ni suka ba da nasu.

Kwana uku muna hawa. Abin da suke kira hanya wani ɗan siririn matakin duwatsu ne, dutse a kafaɗar hagu, rami a dama, idan tsakuwa ta kuɓuce ba ka jin inda ta faɗi. Dela ta daina duban ƙasa, sai dugadugan wanda ke gabanta. Numfashi ya yi gajere, taku ashirin sai ka tsaya ka dafa gwiwa. Da muka kai sama sai ga daji, abin da ban taɓa zaton akwai shi a ƙasar Larabawa ba: itatuwa baƙaƙe masu kauri da suke kira ar'ar, a murɗe, wata farar gansakuka na reto a rassansu kamar gemun tsofaffi, birai garke-garke suna bin mu suna haushi. Gajimare kuma ba a sama yake ba, a cikinsa muke tafiya. Da tsakar rana sai ka miƙa hannu ka kasa ganin yatsunka sosai, tufafi su jiƙe sharkaf ba tare da ruwan sama ba. Sanyin Mai Wurno na watan da muke hura wuta a ɗaki, wallahi wasan yara ne.

A kwana na tara gajimaren ya rufe mu gaba ɗaya a kan wani tudu. Jagora ya ce shi ma ba ya ganin alamominsa, duk wanda ya motsa zai iya taka iska. Baya ba ta komuwa, gaba ba ta tafiyuwa. Kwana biyu muka yi a gindin wani dutse, itace duk a jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, ƙanƙara ta sauko ta buge mu. A nan tarin Kawu ya fara. Ka san taurin kansa kan alwala: na ce ya yi taimama, ya ce ga ruwa a kwarmin dutse yana kallonsa, da wane ido zai bar shi ya dafa ƙasa. Ba mu da abin rufa sai haramin da muka tanada don aikin hajji, farin ƙyallen nan guda biyu. Na naɗe shi da nasa, na ƙara masa nawa, Dela ta cire mayafinta ta ɗora. Haƙoransa na kaɗawa, amma ko sau ɗaya bai ambaci gwadon ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Da gajimaren ya ɗaga, na goya shi. Kwana huɗu yana bayana, muna ratsa dajin nan, hawa da gangara, ina jin zafin jikinsa a wuyana. Yana ta yi mini ba'a, wai ashe jakin gidansu ya fi na kasuwa. Ranar Alhamis da hantsi muka kai wani ƙauye mai gidajen dutse da gonaki hawa-hawa a jikin tsauni. Na sauke shi a rana don ya ji ɗumi, ya ce in juya shi ya fuskanci arewa, inda jagora ya ce nan Makka take. Ya ce in gaya wa Inna ya kusa, saura kaɗan. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Mutanen ƙauyen ba mu jin maganar juna sosai, amma suka fito da diga, suka haƙa dutse, suka yi sahu tare da mu. A cikin haraminsa muka sa shi. Kwana takwas bayan haka muka shiga Ɗa'ifa, ƙafafun Dela duk sun tsattsage.

Za ka tambaye ni me ya sa na ɓoye. Da farko na ce ai ba a aika wa tsohuwa mutuwa a takarda, sai an sami babban mutum ya je ya zauna gabanta. Haka na gaya wa Dela, haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce kunya ce ta hana ni, da tsoron ranar da Inna za ta tambayi gwadon ubanta. Sai na rubuta hanya lafiya, na rubuta Kawu yana gaishe ku. Da na yi sau ɗaya, na biyu bai yi mini wuya ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa ƙaryar nan za ta sa Inna sayar da awaki ba.

Tun ranar da takardarka ta zo ban ɗinka buhu ɗaya daidai ba. Daga kan soron gidan nan ana hango hayaƙin jiragen da ke zuwa Sawakin, a gaɓar Sudan, tafiyar kwana ɗaya ce, ni kuwa ko ƙofar gida ta gagare ni. Na yi shawarar in fita in miƙa kaina a kama ni, ko a mayar da ni in tare Inna da kaina. Alhaji Abdulghani ya riƙe mini riga, ya ce halas, wato ya isa haka, in daina wannan magana: za a iya tsare ni wata da watanni kafin a sami jirgi, kuma tunda ba ni da takardar da ta nuna ni mutumin Sudan ne, ba mamaki a tura ni Nijeriya, ƙasar da ban taɓa gani ba, Dela ta haihu babu kowa nata. Shi ya sa ba ni da ƙafa sai wannan takarda, kuma Malam Salihu zai tashi jibi.

Na san Inna, kai ma ka san ta. Idan ka ce mata hanya da wuya, za ta ce ta ga wuya kafin a haife mu. Idan ka ce akwai sanyi, za ta ce ta ɗauki bargo. Amma ba sanyi kaɗai ba ne, gwiwarta ba za ta hau ko kwana ɗaya na wannan dutse ba, kuma babu Haladun da zai goya ta. Abu ɗaya ne zai zaunar da ita. Ka kira Malam Adamu liman da Gwaggo Sauda su zauna kusa da ita, ka karanta mata takardar nan duka, kada ka tsallake maganar gwado don ka rufa mini asiri. Ta ji cewa ni ne. Idan har tana son hajji bayan haka, a nema mata takarda ta gaskiya ta hau babban jirgi daga Sawakin, ko da zai ɗauki shekara biyu. Idan kuma ta ce ba ta son ganin fuskata, na yarda. Na gwammace ta yi fushi da ni tana zaune a tsakar gidanta da ranta.

Ka gaishe mini da matarka Mastura, da Rabi'atu da Bashira, da Malam Adamu, da Gwaggo Sauda, da duk wanda ya tambaye ni. Dela tana gaishe ku, ta ce idan namiji ne sunansa Bawa, in Inna ta yarda. Alhaji Abdulghani yana gaisuwa. A nan ne na saba rubuta gaisuwar Kawu, yau na bar wurin haka nan. Daddawarsa tana rataye a ƙusa bisa kaina, ba wanda ya kwance ƙullin. Ka tambayi Inna abin da take so a yi da ita.

Ƙanenka mai neman gafararku,
Haladu.