Matar Saje Ba Ta Jiran Ƙuri'a

Pershore, Ingila, Oktoba 1866

Maigidana Enoch,

Gaisuwa da fatan jirgi ya sauke ku Indiya lafiya, kai da sauran sojan doki. Bayan haka, har yanzu ban yafe wa hular ƙuri'ar nan ba. Mu mata arba'in muka sa hannu a ciki, shida kawai za su bi mazajensu, ni kuwa na zaro "ba tafiya". Patty Gwilliam da ta zaro "tafiya" har rawa ta yi a gabana, ko kunya babu, alhali kullum cikin zagin mijinta take.

Na dawo gidan Innarka, ina ɗinkin safar hannu. Cikin nan ya fara motsi. Ina kewarka, har minsharinka da nake tsinewa.

Taka,
Keziah

Ambala, Afrilu 1867

Zuwa ga matata Keziah,

Ina gaishe ki da Inna da jaririya Dorcas, Allah ya raya mana ita. Ina lafiya. Zafin nan ba ya faɗuwa a takarda. An ba ni goɗiya mai suna Juniper, tana da cizo amma ƙafafunta lafiyayyu ne.

Ki saurara. Matar saje ba ta jiran ƙuri'a, hukuma ce ke ɗauko ta. Na daina shan giya, ba na yin latti, sirdina ya fi na kowa ƙyalli. Kofur tukuna, sannan saje. Ki ba ni lokaci.

Mijinki,
Enoch Pardoe

Pershore, Janairu 1870

Baban Dorcas,

Muna gaishe ka, Kofur. Wasiƙarka ta iso, shafi biyu, ɗaya da rabi duk labarin kofaton Juniper ne. Ka gaishe ta, tunda ita ke ganin fuskarka kowace safiya. Ni na fara mantawa ko a hagu ne tabon goshinka yake ko a dama, kuma abin yana sa ni kuka.

Jiya 'yarka ta riƙe wandon mai kawo gawayi ta ce masa "Baba". Mutumin ya yi dariya, Innarka ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Yaushe ne igiya ta ukun nan ta saje? Na gaji, Enoch.

Taka,
Keziah

Ambala, Satumba 1871

Keziah,

Ina gaishe ku. An ɗaura mini igiyar saje, an kuma ba ni izinin ɗauko ki. Na mayar wa Kanar da izinin.

Akwai abin da na daɗe ban rubuta miki ba, shi ya sa nake cika takarda da zancen doki. Cikin matan nan shida, biyu suka rage. Kwalara ta ɗauke Patty Gwilliam da daminar bana, da safe tana wanki tana yi wa mijinta tsiya, kafin rana ta faɗi mun sa ta a ƙasa. Ni na riƙe gefen akwatin. Layin ƙananan kaburbura a bayan coci ya fi na manya tsawo.

Wallahi ina son ganinki fiye da yadda nake son numfashi. Amma gara ki yi ta fushi da ni a Pershore kina raye. Kada ki zo.

Mijinki,
Enoch

Pershore, Disamba 1871

Saje,

Gaisuwa. Na yi wa Patty kuka, Allah ya ji ƙanta.

Dorcas za ta zauna wurin Innarka, mun gama magana, kuma kada ka tambaye ni yadda zuciyata take a kan wannan. Game da yarinya ka yi gaskiya, ba zan kai ta can ba. Ni kuwa ba yarinya ba ce. A Pershore ma ana mutuwa, sai dai nan ni kaɗai zan yi tawa.

Ka goge takalmanka, ka koma wurin Kanar ka karɓo izinin nan. Ni zan ji da zafin, kai ka nemo mana gadon da zai ɗauki mutum biyu.

Taka,
Keziah