Muryata Tana Bin Ummulkhairi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Ni ne Shu'aibu ɗan Adamu, masunci, na unguwar bakin tabki a Madarumfa. Da hannuna nake wannan rubutu, da bokon da na koya a ajin manya bayan furfura ta fara fito mini. Hankalina garau yake: na san yau Laraba, na san sunayen jikokina goma sha ɗaya, kuma ba wanda ya sa ni dole. Jiki ne kawai ya gaji. Likitan Maraɗi ya yi ta kewaye-kewaye, amma abin da ya ƙi faɗa na gan shi a fuskar Safiya. Saboda haka ku 'ya'yana, Yahaya, Ɗan Azumi, Safiya, ku zauna kan tabarma ɗaya ku karanta. Ban yarda wani ya karanta shi kaɗai ba.

Kullum da hantsi ana fito da ni gindin itacen bedi, inda nake hango ruwa. Bazara ta ja tabkin baya, masu lambu sun bi shi da albasa da tumatir, balbelu suna tsaye a taɓo kamar an hana su tafiya. Nakan lumshe ido in ji ni cikin jirgi, ba sanda ba filafili, ruwa yana tafiya da ni a hankali. Wani lokaci sai in hango uwarku Ɗelu a wancan gaɓar, tana shanya kifi kan zana, ba ta tsufa ba ko kaɗan. Ba ta kirana, ba ta kuma kore ni. In na buɗe ido sai in tarar kaza ce ke tsattsagar gefen tabarmata.

Na ɗaya. Ku rufe ni kusa da ita in akwai wuri. Kada kowa ya ɗaga waya a kan makarata, kada a sa hotona da kiɗan kuka a bi gari da shi. Wanda ya so ni ya yi mini addu'a da bakinsa.

Na biyu. Gona, gida, jirgi da taru, malamai su raba muku yadda Allah ya ce, ba ni da ta cewa a ciki. Roƙo ɗaya dai: jirgin kada a sayar. Mazan ku riƙe shi tare, ku ba Safiya haƙƙinta daga wani abin. Cikin sulusin da shari'a ta bar mini kuwa, na ba jikata Ummulkhairi 'yar Yahaya itatuwan mangwaro huɗu na lambun gabas, da ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Abin da suka haifa na karatunta ne. Sauran jikoki kada su ji haushi, su karanta na uku za su gane.

Na uku shi ne dalilin wannan takarda.

Kun san wasan da ke tsakanina da yarinyar nan tun tana rarrafe. Ina ce mata uwargidana marar iya tuwo, tana ce mini tsoho mai ran ƙarfe. Haka kakana ya yi da ƙannena, haka kowane gida yake yi. Kaka ya faɗa wa jika abin da uba ba zai iya ba, a yi dariya a tsakar gida, kafin a kwashe kwanuka maganar ta mutu. Shekara saba'in da huɗu ban taɓa ganin wasan kaka ya wuce ƙofar zaure ba.

Sai Ɗan Azumi ya kawo mini waya daga Ɗan Issa, ya sa ni cikin gurup ɗin gidanmu, ya nuna mini inda zan danna in yi magana in saki. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Ranar nan Safiya tana kwance da zazzaɓi a Safo, ta ce Baba a ba mu labari mu yi dariya. Na danna, na ba da labarin ranar da na shiga jirgi da Ummulkhairi tana 'yar shekara shida. Na jawo wata ƙatuwar tarwaɗa, ta faɗo gabanta tana bugun katako da wutsiya, yarinya ta maƙale a gefe tana ihu: "Wayyo Kaka, hidda ni, tana kallona!" har ta jiƙa zanenta don tsoro. Na kwaikwayi muryarta, na ƙara gishiri, na ce har yau uwargidan nan tawa in ta ga kifi a miya sai an sauya mata tabarma. Wannan ƙarya ce, irin ta kakanni. Na kammala da dariya na saki.

Sadiya 'yar Ɗan Azumi, sa'ar Ummulkhairi, ajinsu ɗaya a kwaleji, ita ta tura saƙon gurup ɗin 'yan ajinsu. Wani ya haɗa shi da hoton Ummulkhairi, wani ya sa masa kiɗa. Kafin mako ya zagayo ya kai Maraɗi. 'Yan kabu-kabu suna kunna shi in ta wuce tasha. An ajiye mata kan tarwaɗa cikin jakar littattafai. Waɗanda ba su taɓa ganinta ba suna rubuto mata maganganun da ba zan sa a takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba. Yarinya mai shekara goma sha biyar, wadda ta fara sanin kunyar kanta. Yau kwana arba'in da ɗaya ba ta taka lakwal ba, wato makaranta, ga jarrabawar brebe ta gama kwaleji saura wata biyu. Kwana arba'in da ɗaya kuma ba ta ce mini ko sannu ba.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne muryata ce. Ba ta maƙiyi ba, tawa, wadda ta yi mata huɗuba a kunne ranar da aka haife ta. Ina kwance nan nakan ji kamar dariyar nan tana yawo bisa ruwa, ta haye Safo, ta shiga motocin Ɗan Issa, ta sauka gidajen da ban san masu su ba. Za a rufe ni, ƙasa ta ci harshena, ita kuwa dariyar tana nan da ƙarfinta a aljihun mutane, wanda ya ga dama ya danna in sake yi wa jikata dariya. Ina jin tsoron wannan fiye da yadda nake jin tsoron ciwon da ke cikina.

Na huɗu, kai Yahaya. Da ka ji labari ka fizge wayarta ka kulle a akwati, ka ce daga yau an gama. Na san zafin zuciya ne na uba, a wurina ka gado shi. Amma ka tambayi kanka me ya sa ta yi mako uku tana haɗiye abin nan ita kaɗai, tana cin tuwo tare da ku, ba ta faɗa wa kowa ba. Uwarta ta gaya mini: ta san ranar da ta buɗe baki, wayar za ka karɓe. Aka zalunce ta a waje, ta dawo gida aka hukunta ta. Su masu yi mata dariya wayoyinsu suna hannunsu.

Ka tuna shekarar da ɗan maƙwabcinmu ya nutse. Iyaye da yawa suka hana yara zuwa bakin tabki, yaran suka koma zuwa a ɓoye, can inda ba idon babba. Ni kuwa na tuɓe riga na shiga ruwa da ku, hannuna ƙarƙashin cikinka, ina nuna muku inda ƙasa take zamewa da inda ramin yake. Ka sha ruwa, ka yi kuka, ka koya. To ka mayar mata da wayarta, ka zauna kusa da ita ta nuna maka yadda abin yake, don ta fi ka sani, kuma ba abin kunya ba ne. Ku toshe masu zagin tare. Abin da suka rubuto kada ku goge tukuna, ka kai wa diraktan lakwal ya gani da idonsa, ya kira iyayensu. Ka ce mata da bakinka, ba ta bakin uwarta ba, duk abin da ya same ta cikin wayar nan ta zo gare ka, ba duka ba ƙwace. Ranar da za ta koma aji kai za ka raka ta, a ƙafa, ta hanyar tasha, kanka a sama.

Na biyar, kai Ɗan Azumi. Ka zane Sadiya har sau biyu, ka ce ta ja maka abin kunya. Ya isa haka. Yarinyar ta ji kakanta ya faɗa, ta ga ubanta da gwaggonta sun tura hoton dariya a ƙasan saƙon, ta ɗauka abin da manya suka yi wa dariya halal ne ga kowa. Wa ya taɓa zaunar da ita ya ce mata maganar gida ba ta fita? Ni ban yi ba, kai ma ba ka yi ba. Ka sayo wa yara wayoyi kamar yadda kake sayo musu takalman salla, ka koma kan hanya. Ka koya mata ta tsaya kafin ta tura abu, ta tambayi kanta ko mai shi zai yarda. Sa'an nan ta je wurin 'yar'uwarta, ba tare da rakiyar manya ba, ta nemi gafara. In an koma aji ta zauna kusa da ita. Wanda ya kunna abin nan, ita ta fara ce masa ya kashe.

Ku biyun kuma, gabar nan ta ƙare. Yahaya ya daina cewa 'yar ƙanensa ta kashe masa 'ya, Ɗan Azumi ya daina bi ta bayan gida don kada su haɗu. Kuna zuwa duba ni ɗaya da safe ɗaya da la'asar, kuna tsammani ban lura ba. In laifi kuke nema wa mai shi, ga shi nan kwance gindin bedi.

Na shida, ke Safiya. Kin daina shiga gurup ɗin, kina cewa da ba ki roƙi labari ba. Ba ki yi laifi ba don kin so jin muryar ubanki kina ciwo. 'Yan matan gidan nan sun fi sakin jiki da ke. Ki riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, ba don bincike ba, don hira. In yarinya ta daina cin abinci, ko ta riƙa kife waya in ta yi ƙara, ko ta ce kanta na ciwo kullum ranar lakwal, kada ku ce aljanu ne ko lalaci. Ku tambaya a hankali, ku jira amsa.

Na bakwai, wayata. Labarin tarwaɗar nan rabinsa na bayar, don sauran rabin ba ya ba da dariya. Ranar nan tarwaɗar ta yi tsalle za ta koma ruwa, ni ina can ina fama da taru. Yarinyar nan da ke kuka, da jiƙaƙƙen zanenta, ta faɗa kanta ta danne ta da ƙirji, ƙayar ta soke ta a hannu, ba ta saki ba. Tabon yana nan a hannunta na hagu. Muna komowa rana ta faɗa kan ruwa, duk tabkin ya zama ja, ta yi barci da kanta kan ƙafata, ni kuwa na daina tuƙi don kada ta farka. Ban taɓa alfahari da wani jika kamar ranar ba, ban kuma taɓa faɗa mata ba.

Shekaranjiya na danna wayar na faɗi wannan duka. Na faɗi cewa maganar tabarma ƙarya na yi, na ambaci sunana da na ubana, na roƙi gafararta. Yatsana yana kan wurin turawa sai na tsaya. Sau ɗaya na fitar da sunanta duniya ban tambaye ta ba, ba zan ƙara ba ko da na alheri ne. Saƙon yana ciki, Safiya ta san inda yake. Ku ba Ummulkhairi wayar a hannunta. In ta so ta tura wa duk wanda ya ji na farko. In ta so ta saurara ita kaɗai. In ta so ta goge ba ta ji ba. Kada wanda ya ba ta shawara sai ta nema.

Na ƙarshe, kuma wanda ya saɓa wannan ban yafe masa ba. Kada a jawo ta gabana. Na ji kuna shirin ku ce mata tsoho zai tafi, ta zo ta durƙusa ta ce ta yafe, don mutane kada su yi magana. Ba na son gafarar da aka matso daga bakin yarinya. Haƙƙinta ne, ta riƙe shi har ranar da zuciyarta ta sauka. Kullum in za ta ɗebo ruwa ina jin takunta bayan zana. Yakan rage sauri daidai inda kaina yake, ya ɗan tsaya, sa'an nan ya wuce. Ina rufe ido in yi kamar barci nake, don kada in sa ta gudu. In ta shigo ina da rai, alhamdu lillahi. In kuwa sai bayan an kai ni ta ji tana so, kada wanda ya ce mata ta makara. Ku ce mata Kaka ya ce ba ta makara ba, ta faɗa daga inda take.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da abin da za su haifa. Allah ya tsare su daga sharrin bakin mutane da na hannunsu, ya tsare mutane daga nasu. Ku riƙe zumunci, ku ci abinci kwano ɗaya ranar Juma'a, ku ajiye wayoyi a gefe har a wanke hannu. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ita kaɗai ban roƙa a nan ba, ina jiranta.

Ubanku, Shu'aibu ɗan Adamu.